Hannun Isiyaku Mai Yankan Farce

Duk wanda ya yi zaman Kwamba a shekarun nan ya san ƙarar almakashin Isiyaku tun kafin ya san fuskarsa. Ƙas-ƙas-ƙas sau uku, ya ɗan dakata, sannan ya ƙara biyu. Masu yankan farce sun yi yawa a Suleja, kowa da irin kaɗawarsa, amma tasa ko kana cikin banɗaki ka ji ta ka san shi ne ya shigo layin. Dogo ne siriri, gemunsa ya fara furfura ta gefe ɗaya, kuma ba a taɓa ganin kansa ba hula ba. Jakarsa ta fata tana rataye a kafaɗa da almakashi biyu, da sabuwar reza a takardarta, da kwalbar ruwan sabulu, da dutsen goge kaushi, da farin tsumman da Sailuba matarsa ke wanke masa kullum.

Mutumin Malumfashi ne. Ya shigo Abuja yana saurayi, ya zauna a wata unguwar talakawa a bayan gari, ya yi aure a can, har ranar da motar rusau ta zo ta kwashe ɗakinsa da na maƙwabtansa kafin azahar. Ya kwaso tabarma da mata da jaririyarsu Hamdiyya, ya faɗo Suleja kamar dubban irinsa, ya kama ɗaki a wani gidan haya a Kwamba. Shekara goma sha bakwai kullum da sassafe yana bin motar Abuja, ya yi yawon kasuwanni da bakin ofisoshi, ya dawo da yamma ƙafa a kumbure. Da aka cire tallafin mai, kuɗin mota ya fi ƙarfin almakashi, sai ya haƙura da Abuja ya tsaya a gida, yana zagaye tsakanin tasha da kasuwa da layukan unguwa.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko, Isiyaku bai iya wuce mutum bai ba shi hannu ba. Ba irin hannun 'yan boko ba, na taɓa yatsu a janye. Hannu biyu yake miƙowa, ya riƙe naka ya jijjiga, ya saki ya dafa ƙirjinsa, ya sake miƙowa, yana tambayar gida da iyali da gajiyar jiya. In kana sauri ka hango shi, to ka sake hanya, in ba haka ba mota ta tafi ta bar ka. Samarin tasha suka laƙaba masa Baba Musabaha, yana ji yana dariya, sunan ma daɗi yake masa. Mutum ne da bai mallaki ko bulo ɗaya ba a garin nan, amma daga Kwamba har Magajiya babu wanda ya taɓa miƙa wa hannu aka janye. Wannan shi ne arzikinsa, da shi yake ci, da shi yake taƙama.

Na biyu, gwangwani. Ubansa wanzami ne a ƙauye, shi ya koya masa cewa farce yankin jikin mutum ne, ba a barinsa a ƙasa kaji su tsattsaga, ko wani mugu ya tsinta ya kai wa boka. Saboda haka Isiyaku kan shimfiɗa tsummansa a cinya kafin ya fara aiki. In ya gama sai ya tattara abin da ya zuba tsaf, ya juye a wani ɗan gwangwanin man zafi da ya ƙare, ya mayar aljihun gaban rigarsa. Da yamma kafin magariba ya zaga bayan gidansu, gindin wani mangwaro, ya tona rami da tsinke ya binne. Sauran masu sana'ar suna yi masa tsiya, wai ya mai da kansa limamin jana'izar farce. Shi ko a jikinsa. Shekara talatin yana binne farcen mutanen da ba su ma san yana yi ba.

Ya san mutanen Suleja ta hannu fiye da ta fuska. Ya san na kanikawa da baƙin mai ya shige ƙarƙashinsa ya ƙi fita, da na teloli da allura ta huhhuda. Ya san babban yatsan ƙafar Chukwuka, mai kemis a bakin tasha, wanda farcensa ke shigewa cikin nama, babu mai iya fito da shi ba jini sai Isiyaku. Ya kuma san hannun Malam Ahmad mai shagon hatsi, amininsa, wanda suka shekara goma kafaɗa da kafaɗa a sahun farko na masallacin layinsu. Duk safiyar Juma'a Malam Ahmad ne mutum na farko da yake yanke wa farce, suna hira suna shan koko.

To, a ƙarshen daminar shekarar da mai ya yi tsada, wata magana ta taso daga Abuja ta biyo motocin ma'aikata ta sauka a Suleja. Wai akwai wasu mutane da za su ba ka hannu, ko su goge ka a cikin mota, sai ka ji gabanka ya ɓace. Babu wanda ya gani da idonsa, amma kowa yana da abokin ɗan'uwan da abin ya faru a kansa. Wayoyi suka cika da hotunan mutanen da aka kama ana duka, yau a wannan gada, gobe a waccan kasuwa. Ka ga ƙaton namiji da gemu da 'ya'ya yana tafe hannu a aljihu, ana yi masa sallama yana amsawa daga nesa kamar mai ciwon ido. Abin kunya, wallahi, amma haka garin ya koma cikin mako biyu.

Sailuba ce ta fara jin tsoro. Tana tuyar awara a ƙofar gida, duk maganar da ta shigo layin a gaban kaskonta take fara sauka. Ta ce masa don Allah ya rage ba mutane hannun nan har ƙura ta lafa, ya yi aikinsa ya karɓi haƙƙinsa ya wuce. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Sailuba ke nan. Sana'ata fa kama hannun mutane ce. In riƙe yatsun mutum rabin awa, sannan in ƙi yi masa musabaha? Kuma waye bai san ni ba a garin nan?"

Ta ce waɗanda ake duka a waya su ma akwai inda aka san su. Ya rataya jaka ya fita yana kaɗa almakashi.

Ranar Talata ce, da hantsi, an yi ruwa da asuba ƙasa ta jiƙe. A bakin tasha direbobin keke mai ƙafa uku sun yi layi suna jiran fasinja, sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna kallon wani sabon hoton duka. A cikinsu akwai Muhsin, saurayi ɗan shekara ashirin da biyar daga Magajiya, mai yawan baki da ƙaramar zuciya. Shi ya kira Isiyaku. Ya zauna a kan ƙarfen gefen kekensa, ya ɗora ƙafa a cinyar dattijon, ido yana kan waya. Aka yi hannu, aka yi ƙafa, aka goge kaushi. Isiyaku ya tattara farcen ya juye a gwangwani ya sa a aljihu, Muhsin bai ma lura ba. Ya sallame shi, Isiyaku ya miƙa hannu biyu kamar kullum, ya jijjiga, ya saki, ya dafa ƙirji.

Muhsin ya miƙe tsaye. Duk wanda ya taɓa zama a kan siririn ƙarfe na tsawon lokaci, ƙafa ɗaya a sama, ya san abin da ke biyo baya: daga ƙugu zuwa cinya sai ka ji wurin ya mutu, kamar ba a jikinka yake ba, in ka ɗan taka sai ya sake. Amma wanda ya kwana bakwai yana cusa wa kansa hotunan nan ba zai tsaya takawa ba. Ya dafe wandonsa da hannu biyu, idanunsa suka firfito, ya ƙwalla ƙara.

"Wayyo Allah, ya ɗauke min! Baba ya ɗauke min!"

Isiyaku ya juyo yana murmushi, ya ɗauka tsiyar samari ce irin ta kullum. Murmushin yana fuskarsa mari na farko ya same shi.

Kafin ya gane abin da ake ciki mutane sun fi ɗari. Kuma a cikin ɗarin nan, da masu gemu da masu carbi da masu takardar makaranta, babu ɗaya da ya ce a shiga da saurayin bayan rumfa a duba. Ko ɗaya. Isiyaku yana ta rantsuwa yana kiran sunayensu, don ya san su, ya san iyayen wasu. Sai wani kwandasta ya ce shi da idonsa ya gani, yana sakin hannun Muhsin ya kai nasa ƙirji, a aljihu ya sa abin. Aka cafki aljihun aka yage. Gwangwanin ya faɗo, ya gangara a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya bugi tayar keke, murfin ya buɗe.

Farcen mutum goma sha ɗaya na safiyar nan ya watse a gaban jama'a.

Isiyaku ya buɗe baki zai yi bayanin ubansa da gindin mangwaro, amma wa zai saurari zancen mangwaro? Wani mai faci ya ce shi ma ɗazu ya yanke masa, ya kai hannu wandonsa. Wani ma haka. Mutanen da ya ɗauki farcensu don kada mugu ya tsinta su suka fara ɗaukar duwatsu.

Ba sai an tsawaita ba. Da katako, da bel, da sandar tada taya. Abin da ya fi cin rai shi ne bai kare kansa ba, hannu yake ta miƙa musu yana roƙo, hannu biyu kamar yadda ya saba, su kuma hannun suke nema. Hularsa ta faɗi aka tattake. Samari sun ɗaga wayoyi sama suna turereniya don kowa ya samu fuskarsa sosai. Aka jawo tsohuwar taya aka rataya masa a wuya, aka ce a kawo fetur. Nan aka tsaya kallon juna. Kowane direba yana kallon tankin ɗan'uwansa, babu mai son a zuƙi nasa. Tsadar man da ta raba Isiyaku da Abuja ita ta hana a ƙone shi a Suleja, ba tausayin kowa ba.

A wannan ɗan tsaikon Chukwuka ya kutso. Ƙato ne, an haife shi a garin, Hausarsa ta fi ta wasu masu dukan. Yana zagi yana ture mutane, ya cire tayar ya yar, ya ciccibi Isiyaku kamar buhun gero ya shige da shi kemis ya ja ƙofar ƙarfe. Aka yi ta jifan ƙofar ana cewa shi ma ɗan ƙungiyar ne, har motar 'yan sanda ta iso ta kwashi Isiyaku da Muhsin da gwangwanin.

A asibiti likita bai yi minti biyu da Muhsin a bayan labule ba ya fito yana tsaki. Komai yana nan inda Allah ya ajiye shi, babu abin da ya taɓa zuwa ko'ina. Ya rubuta a takarda ya sa hannu ya buga hatimi, 'yan sanda suka sa takardar a fayil suka rufe a durowa. Hoton kuwa kafin la'asar ya kai Kano ya kai Legas, da rubutu a ƙasansa wai an kama matsafi a Suleja da gwangwanin farcen mutane. Hamdiyya a wayar wata 'yar ajinsu ta ga ubanta da taya a wuya. Takardar likita mutum huɗu suka karanta ta.

An karya masa yatsu biyu a hannun dama da wuyan hannun hagu, haƙoran gaba uku sun zube. Sailuba ta kai shi wurin wani mai ɗori a Iku, aka ɗaure da karare. Wata uku yana zaune a ɗaki ana ba shi abinci a baki. Bai yi kuka don ciwo ba, bai kuma tsine wa kowa ba. Abin da yake ta faɗa wa Sailuba shi ne ruɗu ne ya kama mutane, kuma tunda likita ya yi magana, kunya ce za ta hana su haɗa ido da shi. Har tausayinsu yake ji, bawan Allah. Da aka kwance ɗorin ya ɗauki almakashi ya kasa buɗe shi. Ya yi ta gwadawa a kan kwali, gumi yana zuba, yau kaɗan gobe kaɗan, sannan a kan farcen Sailuba, har ranar da ya yanke mata goma cif bai ji mata ciwo ba. Ranar ya yi dariya da wawulonsa, ya ce ta wanke masa tsumma.

Ya fita da sabuwar hula. Ƙas-ƙas-ƙas, ya dakata, ya ƙara biyu. Ya bi layinsu, ya bi na gaba, ya shiga kasuwa, ya fito. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya jefe shi. Sannu ma ana yi masa, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Amma yana doso majalisa sai ka ga hannuwa suna shigewa aljihu ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa wa mai shayi, mai shayi ya nuna masa hannunsa da ruwa. Ya miƙa wa mai nama, ya ce da maiƙo. Daga safe har la'asar babu wanda ya ce zo ka yanke min.

Masallaci ya fi zafi. A sahun farko, inda liman ke cewa a haɗa kafaɗa a toshe kafa, sai aka bar masa fili dama da hagu, har iska tana wucewa. Malam Ahmad ya koma ƙarshen sahu, wai ya fi jin fanka a can. In an sallame sai ya cika hannunsa da carbi ya ɗaga wa Isiyaku daga nesa. A zaman tahiya, da kowa ya ɗora hannu a gwiwa, Isiyaku ya saci kallon yatsun da ke jere. Duk an yanke su da ɗan abin yanke farcen nan na kanti, a karkace, wani ya ci nama, wani an bar masa ƙaho a gefe. Na Malam Ahmad ya fi kowanne muni. Nan ya gane ba jiran warkewarsa suke yi ba, sun riga sun sallame shi, kuma baƙin cikin da ya ji a zaunen nan ya fi na ranar tasha.

Chukwuka kaɗai ya kira shi. Shi ma da Isiyaku ya zauna a bencin gaban kemis inda suka saba, sai ya ga mutumin yana waige-waige. Chukwuka ya ce masa cikin jin nauyi su shiga ciki, bayan kwalayen magani, don tun ranar nan ciniki ya ja baya, mata suna cewa ba sa sayen magani a shagon abokin matsafi. Isiyaku ya fito masa da farcen daga nama a cikin duhun sito, a ɓoye kamar masu aikata abin kunya. Da ya gama ya tsaya da farcen a tsumma, ya rasa inda zai zuba. Bai sake komawa ba, don kada ya ƙarasa kashe wa mutumin da ya cece shi kasuwa.

Ana haka 'yan sanda suka ce za su kai Muhsin kotu saboda ƙaryar da ta kusa jawo kisa. Sai ga manya a ƙofar Isiyaku: kawun Muhsin, da limamin layi, da Malam Ahmad a bayansu yana kallon ƙasa. Suka zauna a tabarma, babu wanda ya ba shi hannu, suka yi ta jawo masa falalar yafiya. Yaro ne, kuskure ne, an kusa sa masa rana, kotu za ta ɓata masa suna. Suna, in ji su, a gaban Isiyaku. Suka ce za a biya kuɗin ɗori. Ya ce ba ya so. Abu ɗaya yake nema: Muhsin ya tashi a masallaci a gaban jama'a ya faɗa da bakinsa cewa babu abin da ya taɓa ɓacewa, sannan ya ba shi hannu kowa yana gani. Suka ce wannan ai mai sauƙi ne.

Da suka fita Sailuba ta leƙo daga bayan labule.

"Malam, kada ka janye ƙarar nan sai ya faɗa tukuna."

"Dattawa ne suka yi alkawari, Sailuba. Har da liman."

"Dattawan suna ina ranar da aka sa maka taya?"

Washegari ya je ya dangwala yatsansa a takardar janyewa.

Ranar Juma'a bayan la'asar masallacin ya cika, har da waɗanda ba a saba gani ba, don labari ya zaga. Liman ya yi gajeriyar nasiha a kan zumunci, ya kira Muhsin. Saurayin ya miƙe cikin farar shadda, ya dubi jama'a. Abokansa direbobi suna baya, ga kawun yarinyar da zai aura a sahu na biyu. In ya ce babu abin da ya ɓace, ya zama maƙaryaci kuma matsoraci, wanda ƙafarsa ta yi sanyi ya tara wa tsoho gari, za a yi ta yi masa dariya a tasha har ya tsufa.

"Jama'a, ina neman afuwar Baba Isiyaku a kan abin da ya faru. Ni dai alhamdu lillahi, tun a cikin motar 'yan sanda na ji komai ya dawo daidai. Na yafe, shi ma ya yafe min."

Masallaci ya ɗauki kabbara. Ya dawo. Ashe da gaske an ɗauka, duka ne ya sa aka mayar. Isiyaku ya ga maganar tana bin sahu-sahu a fuskokin mutane, ana gyaɗa kai. Ya yunƙura ya ce ba haka aka yi da shi ba, a tambayi likita, akwai takarda. Amma muryar da ke fita ta wawulo ba ta da ƙarfi, kuma liman ya riga ya ce to a yi musabaha a rufe magana. Muhsin ya jawo hannun rigarsa ya rufe tafinsa, ya taɓa kan yatsun Isiyaku ya janye. Yana juyawa, a gaban kowa, hannunsa ya sauka ya shafi gaban wandonsa. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa.

Tun daga ranar ba a sake jin almakashin nan a Kwamba ba. Jakar tana ƙarƙashin gado, tsumman Sailuba ta mai da shi na goge kasko. Isiyaku yana leburanci yanzu a Iku, inda ake ta gina gidajen haya, yana ɗaukar yashi da bulo da karkatattun yatsunsa. Aikin ya fi ƙarfin shekarunsa, amma ya zaɓe shi ne don babu mai ba lebura hannu, saboda haka babu mai hana shi. Ya koma sallah a sahun ƙarshe kusa da ƙofa, ana sallamewa ya fice. Samarin da ke ce masa Baba Musabaha sun sake masa wani sunan, wanda ba zai faɗu a nan ba.

Kwanan baya da yamma yana dawowa daga aiki, siminti har gira, ya biyo ta bakin tasha don hanyar ta fi kusa. Wata mota ta sauke fasinja daga arewa. Wani magidanci ya fito da jaka a kafaɗa da buhu a ka, baƙo ne, ka gan shi ka san yau ya fara taka garin. Ya duba hagu ya duba dama, ya zaɓi dattijon da ya fi kama da mutanen gida. Ya sauke buhun, ya yi sallama cikakkiya, ya miƙo hannu biyu.

"Baba, don Allah ina ne hanyar Magajiya?"

Isiyaku ya dubi hannun. Hannun manomi ne, farcen ya yi tsawo, na babban yatsa ya tsage har tsakiya, irin wanda in ba a bi shi a hankali da reza ba zai kai nama. Shekara guda ke nan rabon da wani ya miƙo masa hannu haka, a buɗe, ba tsoro. Ya ji nasa na dama ya taso da kansa, har ya kai rabi. Sai ya hangi layin direbobin keke sun daina hira suna kallo, ɗaya ya riga ya zaro waya.

Ya mai da hannuwansa baya ya harɗe su. Ya turo baki ya nuna wa baƙon titi, ya ce ya miƙe, in ya kai mahaɗa ya yi dama.

Mutumin ya tsaya da hannu a miƙe, ya dubi tafinsa ko da wani abu a jiki, sannan ya sauke. Ya ɗora buhunsa a ka. Bai yi nisa ba ya yi tsaki, ya ce da ƙarfi yadda za a ji, shi bai taɓa ganin gari irin wannan ba, tsoho da furfurarsa amma ko hannu ba a koya masa ba mutane ba.

Isiyaku ya ji. Ya bi gefen kwata ya nufi Kwamba, hannuwansa suna baya har ya shiga gida.